Saƙon Godiya ga Iyaye, Malamai da Jama'ar Unguwa Bayan Bikin Yaye Ɗalibanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi, an yi taro lafiya, an watse lafiya. A madadin malamai da ɗaliban makarantarmu ta firamare da ke nan Azare, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tako ya zo bikin yaye 'yan aji shida da rabon kyaututtuka ranar Asabar ɗin da ta wuce, da wanda uzuri ya hana shi zuwa amma ya aiko da saƙo ko ya yi mana addu'a daga inda yake. A wurin taro hadari ya haɗo, dole aka gajarta jawabai. Abin da ban samu faɗa ba shi nake so in rubuta a nan, don akwai mutanen da in ban ambace su ba na danne musu haƙƙi.

Zan fara da abin da ya fi faranta mini rai, wato karatun 'yan ƙananan azuzuwa. Iyaye kun sani, ba ɓoyayyen abu ba ne, an yi lokacin da yaro zai kai aji huɗu, ka miƙa masa takarda da Hausa zalla ya kasa haɗa baƙi biyu. Zai rera maka abin da malami ya faɗa tiryan-tiryan, amma ka ware kalma ɗaya ka nuna masa, sai ya tsaya yana kallonka. Tun da shirin Mu Karanta ya shigo makarantun Jihar Bauchi, aka horar da malamai koyar da karatu da Hausa daga aji ɗaya zuwa aji uku, hanya ta sauya. Sautin harafi tukuna, sai gaɓa, sai kalma, sannan jimla. Littattafan da aka raba mana sun tsufa, wasu har da allura da zare muka ɗinke su, amma malamanmu ba su saki hanyar ba.

Wanda ya zo ya gani da idonsa. Yarinyar nan 'yar aji biyu da ta fito gaban jama'a, hijabinta na jan ƙasa, ba ta taɓa ganin shafin da aka ba ta ba, domin Mai Unguwa ne da kansa ya buɗe littafin ya zaɓa. Ta ɗora ɗan yatsanta a ƙarƙashin layi tana bi. Da ta zo wata doguwar kalma sai ta tsaya, ta raba ta gaɓa-gaɓa a hankali, ta haɗa, ta wuce. Ni wannan tsayawar ta fi mini tafin da aka yi mata daɗi, saboda ita ce shaidar cewa ba hadda ba ce. Mahaifinta yana can baya a tsaye, daga kasuwa ya taho, na ga yana goge ido da hular da ke hannunsa.

Malamar aji ɗaya da malaman aji biyu da uku, wannan aikinku ne. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, azuzuwanku kuwa sun wuce haka nesa ba kusa ba, amma ban taɓa jin kun ce a rage muku ɗan kowa ba. Kwalayen da kuka yayyanka kuka rubuta haruffa a kai da kuɗin aljihunku, ina sane da su. Allah Ya saka muku da alheri, Ya shirya muku zuriya. Haka ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da suka zo mana aikin koyarwa na gwaji. Zuwansu ne ya ba mu damar ware yaran da aka bari a baya, a zaunar da su kan tabarma a inuwar dogon yaro a riƙa bi da su ɗaya bayan ɗaya. Yaran har yanzu suna tambayar ina malamansu.

Sai iyayenmu mata. Hajiya shugabar ƙungiyar iyaye mata, ke da abokan tafiyarki, ban san da wane baki zan gode muku ba. Mu iyakarmu kiran suna a rajista, mu ga wance ta yi mako ba ta zo ba. Ku ne kuke shiga gidajen da mu maza ba ma iya shiga, ku zauna da uwa ku ji dalili. Sau da yawa dalilin talla ne, kuma ba ku je kun yi wa kowa faɗa ba, don kun san da ribar ƙosai da gyaɗar nan ake cefane a wasu gidajen. Kuka sasanta a kan yarinya ta zo makaranta da safe, in an tashi ta ɗauki farantinta. Wasu na ganin ya kamata a hana tallan gaba ɗaya. Ni dai na gwammace yarinyar da ke aji har azahar a kan wadda aka yi wa doka ta daina zuwa kwata-kwata. 'Yan matan da muka yaye bana, da dama daga cikinsu ku kuka dawo da su.

Malam Liman, mun gode da tunatarwar da ka yi wa iyaye bayan salla a farkon damina, lokacin da aka fara ɗebe mana yara maza zuwa shuka. Malaman Islamiyya da na makarantar allo, mun gode da kuka daidaita lokaci da mu, yaro bai rasa nan ba bai rasa can ba.

Kwamitin kula da makaranta, ƙarƙashin shugabansa Alhaji, da ƙungiyar iyaye da malamai, ba za mu manta da ranar da iska ta yaye rufin azuzuwa biyu ba. Kafin rana ta yi tsaka matasan unguwa sun tsinto kwanon daga bayan gidaje. Masu shaguna suka haɗa kuɗin ƙusa da katako, kafintanmu ya hau ya buga bai karɓi ko sisi ba, ya ce a nan ya koyi rubuta sunansa. Bayan ya gama ya bi bencinan da suka karye ya gyara. Tsofaffin ɗalibai kuma suka kawo alli, littattafan rubutu da kyaututtukan da aka raba a taro. Baba maigadi, kai ma ka sha rashin barci a kwanakin da kayan aiki ke zube a fili. Muna kuma godiya ga Sakataren Ilimi na Ƙaramar Hukumar Katagum da jami'ansa bisa halartar taron.

Yanzu ga abin da ke gabanmu, don kada godiya ta rufe gaskiya. Lissafi bai kai inda karatu ya kai ba. 'Yan aji huɗu da biyar da yawa suna iya tarawa da ɗebewa, amma da an zo rabawa sai a ga rauni, kuma Turancinsu yana buƙatar aiki kafin su fuskanci jarrabawar shiga ƙaramar sakandare. Mun yanke shawarar a zango mai zuwa za a ware ɗan lokaci kowace safiya don bitar lissafi, sannan a riƙa gwada kowane yaro shi kaɗai a farkon zango da ƙarshensa, a nuna wa iyaye sakamakon. Abin da muke roƙo a gida kaɗan ne. Ko ba ka yi boko ba, ka ce wa ɗanka ya buɗe jaka ya karanta maka abin da aka yi yau. Yaro in ya san za a tambaye shi, yakan mai da hankali.

Na biyu shi ne makewayi da ruwa. Yarinya in ta fara girma ba za ta zauna a makarantar da babu inda za ta kewaya cikin sutura ba, kuma a nan muke asarar 'yan aji biyar da shida. Tuƙa-tuƙarmu ma tana buƙatar gyara. Kwamiti ya riga ya rubuta wa waɗanda abin ya shafa, amma abin da unguwa za ta iya yi da hannunta ba za mu jira ba.

Iyayen waɗanda aka yaye, ina roƙonku don Allah. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara ne wajibi kuma kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Takardar da muka ba 'ya'yanku ba ta sallama daga karatu ba ce. Duk wanda ya ga kayan makaranta za su gagare shi, ya same ni ko Hajiya a asirce, za mu san yadda za a yi, babu wanda zai ji.

Lissafin duk abin da aka tara na gyaran rufi da yadda aka kashe shi yana manne a ƙofar ofis, kowa na iya zuwa ya duba. Za a fara rubuta sunayen sababbin 'yan aji ɗaya a makon farko na komawa hutu, a zo da takardar haihuwar yaro in akwai, in babu a zo da yaron. A makon ne kuma kwamiti zai zauna da iyaye a kan maganar makewayi, muna so magina da masu bulo na unguwa su halarta.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya ba mu damina mai albarka.

Naku,
Shugaban Makaranta