Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ɗinkin Fiffike

Makon jiya na tsaya a inda tsohon Baturen nan da muka gyara wani tsohon jirgin sama tare ya zuge mini ƙofar rumfar da aka ajiye shi, na ga abin da suke kira jirgi. Kafin in ci gaba sai na koma kan maganar Kawu, domin ita ta hana ni barci a makon nan. "Kyan ɗa ya gaji ubansa." Ya faɗe ta a zauren gidanmu na Soron Ɗinki ranar da takardar makarantar jiragen sama ta Zariya ta zo. Ya maimaita ta ranar ɗaurin aurena. Ya kuma faɗe ta ranar sadakar ukun Baba, a gaban mutane, hawayena ko bushewa ba su yi ba. A wurinsa, duk wanda ya ajiye allura ya ɗauki sifana ya fita daga zuri'a. Allah Ya jiƙansa, na yafe masa, amma ban manta ba.

Jirgin dai Tiger Moth ne, zanen kamfanin jirage na de Havilland, mai fiffike biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Irinsa ya fara tashi a 1931, kuma a kansa sojan saman Ingila suka koya wa dubban matasa tuƙi a Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan namu ma ba a masana'antar jirage aka yi shi ba. Ɗan ƙarfen da ke maƙale a jikinsa ya nuna daga Cowley ya fito, kusa da Oxford, inda kamfanin motoci na Morris ya ƙera fiye da 3,000 lokacin yaƙin. Bayan yaƙi ya bi hannuwa, daga ƙarshe ya kwanta a rumbun wani manomi, ɓeraye suka yi gida a cikinsa.

Ni da na saba da manyan jirage na alminiyam da dubban kusoshi, sai na tsaya ina kallo. Gangar jikin bututun ƙarfe ne siriri da aka yi wa walda. Fiffiken kuwa katako ne, an lulluɓe shi da yadin lilin. Ba birki, ba tayar baya sai wani ƙarfe da ke jan ƙasa, ba sitata. Tankin mai yana can sama a tsakiyar fiffike, nauyin man ne ke gangaro da shi zuwa inji.

Mun ɗau lokaci a kan katako. Gam ɗin da aka yi amfani da shi a wancan zamani daga madara ake yin sa, kuma danshi ne ajalinsa. Sai ka taɓa haƙarƙarin fiffike, wato siraran katakon da ke jere a cikinsa, ya rabu a hannunka alhali a ido lafiya lau yake. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ruɓe a sassaƙo sabo. Sanyin rumfar nan har yau yana cikin gwiwata.

Kakanmu, Allah Ya gafarta masa, yana cikin waɗanda suka yi tururuwa zuwa filin sukuwa a watan Nuwamba na 1925, zamanin Sarki Usman, lokacin da jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Helwan ta Masar suka sauka a Kano, wani hafsa Arthur Coningham na jagorantarsu. Su ma masu fiffike biyu ne, kuma daga zanen de Havilland suka samo asali. Baba ya sha gaya mana cewa abin da ya fi ɗaure wa Kaka kai ba tashin ba ne. Ya matsa kusa ne ya ga jikin abin yadi ne, kuma ga ɗinki a jere. Ya dawo gida yana cewa ashe Nasara ma sai da maɗinki suke tashi sama. Kawu ya san wannan labari sarai, tare suka ji shi da Baba. Bai taɓa kawo shi ba a duk lokacin da yake jifana da karin maganarsa.

Ranar da aka zo ɗinke yadin, Baturen ya ce sai dai a jira wata tsohuwa da ke zuwa daga nesa, domin masu wannan aiki sun yi ƙaranci. Na ce masa, maigida, nuna mini ƙullin sau ɗaya. Ya dube ni, ya ɗauko allurar. Doguwa ce, ta haura taƙi, ta fi basillar dukawa tsawo nesa ba kusa ba. Ana jingine fiffiken a tsaye, mutum biyu su sa shi a tsakiya. Ka soka allura dab da haƙarƙari, ta ratsa ta fito ta wancan gefe, abokin aikinka ya maido ta ta ɗaya gefen haƙarƙarin, ka ɗaure, ka matsa gaba. Zaren lilin ne da aka goge da kakin zuma. Inda iskar farfela ke bugawa, ɗinkin ya fi matsuwa. In ka ja da ƙarfi ka yaga yadi, in ka yi sako-sako iska ta ɗaga shi a sama, kuma a can ba a tsayawa gyara.

Hannuna ne ya tuna. Ina ɗan shekara bakwai Baba ya zaunar da ni a kan tabarma ina cike aska takwas a wuyan riga, in layi ya karkace ya sa in warware tun daga farko, ba faɗa ba zagi. Shekaru masu yawa ban taɓa allura ba, amma da na gama haƙarƙarin farko Baturen ya sa tabarau, ya bi ƙullin da ɗan yatsa har ƙasa, ya ce ba sai an kira tsohuwar ba. Duk ɓangarorin fiffike huɗun, sama da ƙasa, hagu da dama, ni na ɗinke su.

Daren na kira Yaya. Na ce, "Yaya, yau allura na wuni da ita." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai ƙanena, da Baba na raye da ya yi kuka." Na ce ya je ya gaya wa Kawu. Ya ce, "Ka bar tsoho ya huta, jikin ya yi nauyi." Ban san ko ya gaya masa ba, ban kuma sake tambaya ba. Wata biyu bayan haka aka yi mini waya Kawu ya rasu. Kyan ɗa ya gaji ubansa, haka ne, Kawu. To na gada. Wurin zaman ne kawai ya bambanta.

Bayan ɗinki sai a liƙa siraran ƙyallaye a kan kowane layi, a shafe yadin da wani ruwa mai kauri mai hawa kai da ake kira dof. Yana bushewa yana tsuke yadin, shafi bayan shafi, har ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar fatar kalangu. A cikin shafin ƙarshe ana zuba garin alminiyam don kada rana ta cinye lilin. Muka yi masa fentin makarantar yaƙi, ƙasan rawaya, saman kore da ruwan ƙasa. Daga nan aka ɗaura fiffike, aka shiga ɗaure wayoyin da ke tsakaninsu, ana juya kowace kaɗan kaɗan ana aunawa, domin waya guda in ta fi 'yar'uwarta tsauri jirgi zai riƙa karkata gefe.

Injin Gipsy Major ne, silinda huɗu, ƙarfin doki 130, kuma a kife yake, kawunan silinda na kallon ƙasa. Shi ya sa kafin a tayar sai an juya farfela da hannu a hankali, a tabbatar mai bai taru a ciki ba. Makunnan magneto, wato na'urar da ke ba injin tartsatsin wuta, suna waje, a jikin jirgin ta hagu, don mai juya farfela ya gan su da idonsa kafin ya sa hannu. Ni aka ba wannan aiki ranar gwajin farko. Na yi bismillah, na finciko farfelar na ja da baya. Shiru. Na sake, ya yi tari ya mutu. Magneto ɗaya ya ƙi ba da wuta, kuma neman na canji ne ya kai ni wani gari da ban taɓa jin sunansa ba, inda na haɗu da mutumin da ya so ya cuce mu. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.