Laifin da aka ɗora wa 'yar bautar ƙasa

Ƙarshen watan nan nake ajiye aiki, kuma duk wanda ya zauna da mu a ofishin nan na Wuse II ya san ba albashi ne ya kore ni ba. Tun farkon 2023 wurin ya fita raina.

Lokacin ne aka sauya fasalin naira, tsabar kuɗi ta yi wuya, kowa ya koma tura kuɗi ta waya da POS, manhajarmu ta 'yan kasuwa ta sha lodin da ba a gina ta dominsa ba. Ana cikin wannan rububi aka haɗa ni da wata 'yar bautar ƙasa da ta karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Jos, aka ce in koya mata aiki. Daga Mararaba take zuwa. Wanda ya san cunkoson hanyar Nyanya ya san abin da mutum ke sha kafin ya iso Wuse ƙarfe takwas, ga alawus ɗin lokacin naira 33,000 ne. A Python, yaren rubuta manhaja, ba laifi; Git, wato ma'ajiyar sauye-sauyen da ake wa manhaja, shi ne ba ta saba da shi ba, tambaya kuwa ba ta gajiya.

Wata Juma'a mun fita masallaci, oga ya tsaya a kanta ya ce wani babban kwastoma yana ta kira, ta gyara masa lissafinsa a rumbun bayanai yanzu-yanzu. Ta ce, "Yallaɓai, a bari Malam ya dawo ya duba." Ya ce ba shi da wannan lokacin, ya karanto mata lambar sirrin babbar saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da bayanan kwastomomi, da bakinsa. Hannu na rawa ta rubuta umarnin UPDATE mai sauya bayanai, ta manta da WHERE, sharaɗin da ke nuna layin da za a taɓa. Abin da ya kamata ya taɓa layi ɗaya ya bi teburin kaf, kowane ɗan kasuwa ya ga adadi iri ɗaya a asusunsa.

Ran Litinin oga ya tara mu, ya ce ga amfanin ɗauko yara nan mun gani. Tana zaune, kanta a ƙasa. Bai faɗi wanda ya ba ta lambar sirrin ba. Bai faɗi cewa tun kafin ta zo na rubuta masa a raba sabar gwaji da ta ainihi, ya ce da dala ake biyan AWS, masu ba da hayar saba, a dakata ba. Laifi tudu ne. Sai na faɗa, a gaban kowa, cikin ladabi, har da ranar da na tura imel ɗin. Daga nan sunana bai ƙara fitowa a jerin ƙarin girma ba, ba na kuma nadama.

Na kuma tuna masa abin da ya faru a GitLab, wani kamfanin manhaja na ƙasar waje, ranar 31 ga Janairun 2017: injiniyansu, ba ɗan koyo ba, ya goge kusan gigabait 300 na bayanai a sabar da bai yi niyya ba, aka je ɗauko kwafin ajiya aka tarar hanyoyin ba sa aiki yadda aka zata, suka yi asarar bayanan kusan awa shida. Rahoton da suka wallafa tsarinsu ya tuhuma, ba mutumin ba. Oga ya ce nan ba Turai ba ce.

Gyaran da muka yi daren Juma'ar shi ne darasin da na fi riƙewa. Da na karɓi kwamfutar na gama da wuri, amma da ta tashi tana tsoron rumbun bayanai har abada, kuma na ga waɗanda hakan ya samu. Na ja kujera na zauna gefe, ita ke bugawa. Ta dawo da kwafin daren jiya, ta bi cinikin ranar ɗaya bayan ɗaya. A nan ta koyi fara gwada sharaɗi da SELECT ta ga layuka nawa zai shafa, ta buɗe da BEGIN don a iya janye gyaran, ba COMMIT mai zartar da shi sai ta tabbata. Da muka gama ta ce, "Malam, gobe in zo?" Ta zaci an sallame ta.

Sauran darussan ba su da tsawo. In kana duba aikin ƙarami, yi masa tambaya kafin ka yi gyara. Kada ka ce abu mai sauƙi ne, a wajenka ne yake da sauƙi. Koya masa karanta saƙon kuskure har ƙarshe kafin ya garzaya ChatGPT. Ka kuma gaya masa tun ranar farko cewa yana da damar ce wa oga a jira, kai za ka tsaya masa.

Da ta gama bautar ƙasa ba a riƙe ta ba, wai ba gurbi. Yanzu daga Jos take wa wani kamfanin waje aiki, ita ke duba aikin wasu kafin a sake shi. Mu kuwa har yau lambar sirrin babbar sabar tana cikin zauren WhatsApp na ofis. Wannan maganar na fara rubutawa a takardar miƙa aiki, in akwai mai karantawa.