Ƙwayar bayan isha'i

Barci ne ya fara ƙaurace mini. Sai in farka tun kafin assalatu, ido ƙyam har gari ya waye. Tsakiyar kaina zafi, tuwo ba ɗanɗano, darasin da na shekara goma ina koyarwa ya riƙa kuɓuce mini a gaban allo. Mai kyamis ya ba ni maganin maleriya, ya koma na taifod, shiru. Yayata ta ce sammu ne, ta kawo rubutu, na sha. Addu'a kam har yau ban fasa ba.

Likitan ƙwaƙwalwa da aka tura ni wurinsa ya gama sauraro ya ce, "Malam, ciwon damuwa ne, kuma a jiki yake." Ya yi mini bayanin cewa idan damuwa ta daɗe, sinadarin kotizol yakan yi yawa a jini, kuma hoton ƙwaƙwalwar masu daɗaɗɗen ciwon yakan nuna sashen da ke riƙe tunawa, hifokamfas, ya ɗan ƙanƙance. Nan na gane dalilin mantuwata. Da na tambaye shi labarin da ake yawan faɗa cewa ƙarancin sinadarin sirotonin a ƙwaƙwalwa ne ke kawo ciwon, ya ce yana ciki, amma zancen ya fi ƙarancin sinadari ɗaya faɗi.

Amitriptyline ya rubuta mini, ƙwaya bayan isha'i. Abin da ya kamata a gaya wa kowa tun ranar farko shi ne wahalar maganin tana riga amfaninsa zuwa. Baki ya bushe ƙaf, bayan gida ya yi tauri, da safe kai ya yi nauyi, idan na miƙe da sauri jiri ya ɗebe ni. Barci ya dawo da wuri, amma walwala sai da aka haura wata. A wannan tsakanin ne mutane da yawa ke jefar da maganin su ce ba ya aiki. Likitan ya kuma ce maiɗakina ta riƙe kwalin, domin yawansa a lokaci guda yana taɓa bugun zuciya, ga yara a gida.

Tafiyar ƙafa bayan la'asar ma ya sa ni, na raina ta da farko, amma ranar da na yi ta barcina ya fi nauyi.

A layin ganin likita na haɗu da wani dattijo da ya daina ci da magana, aka yi masa jinyar lantarki a ƙwaƙwalwa, wadda aka fara a birnin Rum a 1938. Mutane na jin sunan su firgita, alhali yanzu sai an sa mutum barci da allura ake yi. Ɗansa ya ce ya ɗan manta abubuwan kwanakin, amma ga shi yana cin ƙosai yana mita kan tsadar mota.

Ni kuwa da na warware na nemi a sallame ni, likitan ya ce sai na ƙara aƙalla wata 6, sannan a riƙa rage ƙwayar kaɗan-kaɗan, don yanke ta farat ɗaya kan sa ciwon ya dawo.