Ɗaurin asfaragos tsakanin sikeli da kofi

Ƙanwata da ke aiki a Abuja ta zo gida Katsina a ƙarshen mako, ta kawo mini tsarabar ɗauri guda na asfaragos a cikin kula, an rubuta giram 250 a jikin ledarsa. Ban taɓa cin karo da shi a Babbar Kasuwa ko wajen masu kayan miya na Ƙofar Ƙaura ba. Tsiro ne kore mai siffar mashi, kaurinsa kamar na yatsa, kuma ƙasashen Sin da Peru da Meziko ne kan gaba wajen nomansa. Girkin da na yi niyya ya nemi kofi biyu na ɗanyensa yankakke, saboda haka na tsaya yin lissafi kafin in ɗauki wuƙa.

A ma'aunin Ma'aikatar Noma ta Amurka, kofi ɗaya na ɗanyen asfaragos yana da nauyin giram 134, sanda ɗaya matsakaiciya kuma giram 16. Ke nan kofi biyu giram 268 ne, rabin kilo kuma ya ɗan gaza kofi huɗu. Da na ga haka sai na ce ai ɗaurina ya kusa isa, ashe da sauran rina a kaba.

Gindin kowace sanda yana da tauri da zare-zare kamar tsohuwar kuɓewa, ba ya taunuwa ko an dafa shi. Ana lanƙwasa sandar ne a hankali har ta karye da kanta a kusa da inda taurin ya ƙare. Da na gama karyewa na ɗora abin da ya rage a kan ƙaramin sikelin da nake awon fulawar cincin da shi, sai ya nuna giram 190, wato kofi ɗaya da ƙasa da rabi. Nauyin da ke jikin leda ya haɗa da abin da za a zubar, mai rubuta girki kuwa abin da zai shiga tukunya yake nufi.

Shi kansa kofin sai an yi hattara da shi. Mu da muka tashi da tiya da mudu da gwangwani, hannunmu kan kai ga gwangwanin madara ne da zarar an ce kofi, alhali kofin Amurka yana ɗaukar kusan mililita 240, gwangwanin madara kuwa bai kai haka ba. Yanka ma yana da nasa tasiri: da na yanka dogo-dogo kofin ya cika da wuri saboda sararin da ke tsakanin gutsattsarin, da na ƙara yankawa ƙanana sai ya sauka ƙasa da baki, nauyin kuwa bai motsa ba. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin da mai sikeli za ta bar kofi ta bi giram. Idan girkin dafaffe ya nema, lissafin ya sake, domin yana laushi ya kwanta a cikin kofi har ya kai kimanin giram 180.

Giram 78 ɗin da suka rage kafin kofi biyu su cika, da koren wake na cike su, na zuba duka a soyayyar shinkafa minti huɗu kafin in sauke. Gindayen kuma na tafasa su da albasa a ruwan nama, na tace.