Zuciya ba famfo kaɗai ba ce: abin da ɓeraye suka nuna

Na daɗe ina ɗaukar zuciya a matsayin famfo, wanda aikinsa bai wuce tura jini ba, har sai da na karanta gwajin da Adolfo de Bold da abokan aikinsa suka wallafa a Kanada a 1981. Sun niƙa tsokar ɗakunan sama na zuciyar ɓera, suka yi wa wasu ɓerayen allurar ruwanta, nan take fitsari ya yawaita, gishirin da ke cikinsa ya ninka kusan sau 30, ƙarfin bugun jini kuma ya sauka. Ashe zuciya tana sakin sinadarin homon nata na kanta, wato sinadarin da ke kai saƙo ga wasu sassan jiki ta cikin jini, wanda aka sa wa suna ANP, duk lokacin da jini ya yi yawa ya buɗa bangonta. A 1988 masana a Japan suka gano ɗan'uwansa, BNP, a ƙwaƙwalwar alade.

Sai dai tasirin allura ɗaya ba ya daɗewa, alhali hawan jini ciwo ne na shekaru. Tambayar da ta fi damuna ita ce: shin wannan sinadari yana da hannu a daidaita jini na tsawon rayuwa?

Amsar ta fito ne daga ɓerayen da aka sauya wa ƙwayoyin gado. A 1990 an samar da waɗanda jikinsu ke yin ANP fiye da kima, sai aka tarar ƙarfin bugun jininsu yana ƙasa a kullum, ba tare da suna zubar da gishiri fiye da sauran ba. Wannan ya ba ni mamaki matuƙa, domin ya nuna cewa aikin dogon zango ya fi karkata ga sassauta jijiyoyin jini, ba ga ƙoda kaɗai ba. A 1995 ɗakin binciken Oliver Smithies a Amurka ya cire ƙwayar gadon ANP, jinin ɓerayen ya hau, musamman idan gishiri ya yi yawa a abincinsu. A shekarar ne kuma ƙungiyar David Garbers ta cire makarɓin sinadarin, wato GC-A, wurin da sinadarin ke maƙalewa a ƙwayoyin jiki kafin ya yi aiki, sai jinin ya hau ko an rage gishiri ko an ƙara.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne gwajin 2003, inda aka cire makarɓin daga tsokar zuciya kawai. Jinin waɗannan ɓeraye bai hau ba, amma duk da haka zuciyarsu ta yi kauri, wanda ke nufin da wannan sinadarin take kare kanta daga ƙaton girma mai cutarwa.

Ɓera ba mutum ba ne, kuma dabbar da aka haifa babu wata ƙwayar gado tana iya samo wasu hanyoyin cike gurbi tun tana ciki. Duk da haka, irin wannan bincike ne ya share fagen maganin sakubitiril da balsatan, wanda aka amince da shi a Amurka a 2015 don masu gazawar zuciya, kuma aikin sakubitiril ɗin shi ne hana jiki saurin rusa waɗannan sinadarai.