Swans sun sake yi mana ita a MCG

Asabar, 28 ga Satumba, 2024. Sidni, bayan lisha.

Brisbane Lions 120, Sydney Swans 60. Sun ninka mu cif. Da wasan mako-mako ne, da na ce yau ba ranarmu ba ce, in sha shayi in kwanta. Amma wasan ƙarshe ne na ɗaukar kofin AFL, babbar gasar ƙwallon Ostireliya, a filin MCG da ke Melbon, gaban mutum 100,013, kuma mu Swans ne muka ƙare kakar bana a saman tebur. Raina a ɓace yake, kuma ba da 'yan wasa kaɗai ba.

Ƙanena da ke gida kullum sai ya tambaye ni wace irin ƙwallo ce ake cin 120. Ƙwallon Ostireliya ce, mai siffar ƙwai, filin ma haka. Mutum 18 kowane ɓangare, ana kamawa da hannu, ana bugawa da ƙafa. Sanduna huɗu ne a kowane ƙarshen fili: ka buga ta shiga tsakanin na tsakiyan nan biyu, ka zura ke nan, maki shida, ta bi ta gefe, maki ɗaya. Zango huɗu ake yi. Dokar da ta kashe mu yau kuwa ita ce ta cafkewa: in abokinka ya bugo maka ƙwallo ta yi tafiyar mita 15, ka cafke ba ta taɓa ƙasa ba, babu mai ikon taɓa ka. Sai ka ja da baya, ka numfasa, ka zaɓi wanda za ka ba.

A gidan Kawu muka kalla, maƙwabcinmu Bahaushen Kumasi da ya daɗe a ƙasar nan. Gwaggo ta dafa shinkafa da wake da miyar yaji, yara sun sa ja da fari tun safe, ƙaramar har da fenti a kumatu. Kawu ya ɗora ransa kan Joel Amartey, saboda mahaifin yaron ɗan Ghana ne, kuma tun ranar da ya zura tara a ragar Adelaide a watan Yuni ba mu huta da labarin ba. Ƙarfe biyu da rabi aka busa jiniya, lokacin gida ana shirin sallar asuba.

Farawa dai mun fara da kyau, abin da ba mu saba ba. Duk kakar nan an san mu da nauyin jiki a zangon farko, sai an zura mana sannan mu farka. Yau Will Hayward ya buɗe, Tom Papley ya ƙara, falon Kawu ya kaure da ihu. Daga nan Kai Lohmann ya rama biyu a jere, aka tafi hutun farko suna da 27, muna da 19. Ban damu ba. Tazarar maki takwas a wasan nan ba komai ba ce, makonni uku da suka wuce ƙungiyar GWS Giants ta ba mu tazarar 28 muka kamo ta muka wuce da shida.

Zango na biyu ne ya raba gardama. Bakwai suka zura, mu ɗaya. Kuma ba wani sihiri suka yi ba. Gajeren bugu, a cafke, a tsaya, gajeren bugu, a cafke, a tsaya, kamar mata na miƙa wa juna ƙwarya a bakin rijiya, har su iso gaban ragarmu ba wanda ya taɓa rigarsu. 'Yan wasanmu kuwa kowa na tsaye yana gadin yankin da aka ba shi, yana nuna wa ɗan'uwansa da yatsa wanda ya kamata ya bi. Tsarin tsaron yanki yana da amfani in abokin hamayya na bugawa da nisa cikin gaggawa, sai ƙwallo ta faɗo hannunka. To in ya ƙi yin gaggawar fa? In ya ga mutuminsa a sake mita 20 daga gare shi, ya ba shi, me ya rage maka ka tsare? Ciyawa. MCG kuma ya fi filinmu na SCG faɗi, don haka ramukan da ke tsakanin 'yan wasanmu suka ƙara buɗewa. Da Eric Hipwood ya zura wata daga can bakin layi, inda ko a mafarki bai kamata ta shiga ba, sai Kawu ya ajiye cokali ya ce, "Ɗana, tashi mu yi la'asar, wannan ta wuce mu." An tafi hutun rabin lokaci 73 da 27.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Wannan salon na Brisbane ba yau suka ƙirƙiro shi ba. Duk mai kallon wasa ya san haka kocinsu Chris Fagan ke son yaransa su riƙa mallake ƙwallo da ƙafa, kuma a watan Yuli sun doke mu da maki biyu a filinsu na Gabba. Mako guda kocinmu John Longmire da mataimakansa suka samu suna nazari. Na yarda a shigo da tsari ya ƙi aiki, haka wasa yake. Abin da ban yarda da shi ba, a ga tsarin na rushewa a zura ta uku, ta huɗu, ta biyar, a ci gaba da zama a ɗakin koci ana kallo. Akwai abubuwan da ko mu 'yan kallo mun san ana yi in ruwa ya fara cin mutum. A ce kowa ya kama mutum guda ya manne masa na minti goma. A janyo ɗan gaba ɗaya ya dawo baya ya toshe hanya. In ƙwallo ta zo hannunmu a rage gudu, a riƙe ta, a bar zuciya ta kwanta, a kashe musu zafin da suka ɗauko. A mayar da wasan na kokawa da turereniya, ko da zai yi muni a ido. Wataƙila an aika da irin wannan saƙo cikin fili, amma ni dai a talabijin ban ga alamarsa ba sai da aski ya riga ya zo gaban goshi.

Lachie Neale ya taɓa ƙwallo sau 35. Mutumin da ya ci lambar Brownlow ta gwarzon gasar na shekara sau biyu, wanda ko yaron goye ya san shi ne zuciyar tsakiyarsu, shi aka bari yana yawo yadda ya ga dama. Will Ashcroft, ɗan shekara 20 da bai daɗe da dawowa daga jinyar gwiwa ba, shi ya tafi da lambar Norm Smith ta gwarzon wasa. Mu kuma 'yan tsakiyarmu uku da aka yi ta yi wa kirari tun watan Maris, Isaac Heeney da Chad Warner da Errol Gulden, sai ka yi minti biyar ba ka ji an ambaci sunan ɗayansu ba. Ga wani abin haushin: babban dogonsu Oscar McInerney, mai tsalle ya doko ƙwallo in alƙali ya tayar da ita a tsakiya, kafaɗarsa ta goce a makon jiya, bai buga ba. Darcy Fort aka ɗauko ya maye gurbinsa, mu kuwa muna da Brodie Grundy. A takarda nan ne ya kamata mu danne su. A fili ban ga ribar da muka ci ba.

Sai maganar Logan McDonald, wadda ita ce ta fi ƙona mini rai, don an taɓa yin ta. A 2022 aka sa Sam Reid a wasan ƙarshe da Geelong alhali yana da rauni, ya kasa gudu, aka cire shi, Longmire da bakinsa ya amsa cewa kuskure ne. Wanda aka ajiye a waje a ranar kuwa shi ne wannan McDonald ɗin, lafiyarsa ƙalau. Bana ya ji ciwo a idon sawu a wasan Port Adelaide na makon jiya, aka ce ya warke, aka sa shi. Bai yi komai ba, aka cire shi aka sa Braeden Campbell. Alhali a makon nan aka hana kyaftin Callum Mills bugawa saboda ciwon cinya, aka ce ba za a yi kasada ba, Dane Rampe ya ja tawaga. To wace ƙa'ida ake bi? In kasada haramun ce ga kyaftin, me ya halatta ta ga ɗan gaba? Dogayen 'yan gabanmu uku, McDonald da Amartey da Hayden McLean, ko ɗaya babu wanda ya zura. Aka yi ta ɗaga musu ƙwallo sama, ɗan bayansu Harris Andrews na tsaye yana karɓa. Kawu bai sake ambaton Ghana ba.

Bayan hutu na zauna da ɗan guntun fata, don Brisbane da kansu sun nuna ana iya dawowa. GWS ta ba su tazarar 44 suka kamo, Geelong ta ba su 25 suka kamo. Mu ɗaya muka zura a zango na uku, su biyar. 107 da 34. Yara suka fice tsakar gida da ƙwallonsu, Gwaggo ta fara kwashe kwanuka tana cewa, "Malam, ku ci abincin nan dai, ba shi ya ci ku ba." A zangon ƙarshe Luke Parker ya zura uku. Yana cikin tawagar da ta ɗauki kofi a 2012, kuma shi kaɗai na ga kamar abin na yi masa ciwo a jiki, amma a lokacin 'yan Brisbane sun fara rungumar juna a benci. Lohmann ya ƙare da huɗu, Callum Ah Chee ma huɗu.

In za a ciza a busa. Longmire ba ƙaramin koci ba ne. Tun 2011 yake riƙe da ƙungiyar nan, a garin da rugby ce sarauniya, kuma kusan kowace shekara muna cikin masu zuwa zagayen ƙarshe. Ya ci kofi a 2012, ya doke Hawthorn da maki goma. Tauraron ɗan gabanmu Lance Franklin ya yi ritaya bara, mutane suka ce sai mun yi shekaru muna lalube, sai ga mu mun ci wasa 13 cikin 14 na farkon bana. Magoya bayan ƙungiyoyi da yawa za su so a ce irin baƙin cikinmu ne nasu. Tsofaffin masoyan ƙungiyar, tun tana South Melbourne kafin ta ƙaura Sidni a 1982, shekara 72 suka jira kafin kofin 2005.

Amma lissafin ba ya ɓoyuwa. 2014, Hawthorn, tazarar 63. 2016, Western Bulldogs, 22. 2022, Geelong, 81. Yau 60. Wasan ƙarshe huɗu a jere da muka je, duka mun dawo hannu rabbana, uku daga ciki an gama da mu tun kafin hutun rabin lokaci. 'Yan wasan 2014 kusan duk sun tafi, an kawo sababbi, abin bai canja ba. In 'yan wasa sun sauya, abokan hamayya sun sauya, sakamako na nan yadda yake, dole ido ya koma kan wanda bai sauya ba. Kuma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: a watan Agusta Port Adelaide ta lallasa mu da tazarar 112. Ranar ma haka aka yi, aka fara zura mana, muka tsaya muna kallon juna. Da muka rama a kansu a makon jiya da 36, duk muka ce an gyara. Ashe ciwon na nan, ƙungiya ce da in wasa na tafiya yadda take so babu mai kama ta, in ya juya kuma babu wata dabara ta biyu a aljihu.

Ka dubi ɗaya ɓangaren. Fagan shekararsa 63, mutumin Tasmaniya, bai taɓa buga ko wasa ɗaya a babbar gasar ba. Ya karɓi Brisbane tana can ƙasan tebur. Bara Collingwood ta doke su a wannan filin da maki huɗu kacal, irin rashin da ke karya ƙungiya. Bana suka sha kashi a wasanni ukun farko, 'yan wasansu da dama suka tafi jinyar gwiwa, suka ƙare a na biyar, wato sai da suka ci wasa huɗu a jere ba hutu kafin su ɗaga kofi, na farko tun 2003. Su rashin bara ya koya musu wani abu. Ina so wani ya nuna mini abin da rashin 2022 ya koya mana, don yau fim ɗin nan na sake kallo, rigar abokan hamayya kawai aka canja.

A hanyar gida uwargida ta tambaye ni, "To kai so kake a kore shi?" Korar wulaƙanci dai a'a, bai cancanci haka ba. Amma ba na son jin an ce za a zauna a yi nazari a dawo da ƙarfi, an faɗa mana haka shekara biyu da suka wuce. In zai ci gaba, a kawo masa sababbin mataimaka daga waje, masu iya ce masa a'a ranar zaɓen 'yan wasa, kuma a kafa doka: wanda bai iya gudu sosai ranar Alhamis ba, ba zai buga ranar Asabar ba, ko waye shi. In kuma shi da kansa ya ga muryarsa ta daina shiga kunnen yaran nan, ga mataimakinsa Dean Cox nan a gefensa shekara da shekaru yana koyon aikin, a miƙa masa.

Wayata na ta ƙara tun magariba. Abokin aikina ne, ɗan asalin Fitzroy, tsohuwar ƙungiyar Melbon da aka haɗe da Brisbane Bears a 1996 aka samu Lions. Hotunan zaki yake ta turo mini, ya kuma ce ranar Litinin da rigarsa zai zo ofis. Na taya shi murna a taƙaice, na ce masa in ya kawo kek zan ci, amma kada ya kuskura ya kunna mini zango na biyu.