Idan an ce sankarar tumbi ce, a tambayi likita wace iri

A Kano duk wanda cikinsa ya dame shi sai a ce olsa ce. Ya leƙa kemis ya sayo omeprazole, ya rage yaji, shi ke nan. Haka kawuna ya yi ta fama a Gwammaja, har ta kai loma uku ta tuwo ke cika masa ciki, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da aka zura masa kyamara ta maƙogwaro aka gutsuro tsoka, sai ga sankara, irin wadda ba ta taruwa wuri guda. Bangon tumbi take bi ta sandarar da shi, likitoci na ce mata linitis plastica, kuma ba ta jira.

'Yan uwa, wannan 'yar tsokar da aka gutsuro tana da sauran aiki, domin ita ke nuna maganin da zai karɓi mara lafiya. Idan an sami sinadarin HER2 a jikinta, akwai trastuzumab, maganin da ake haɗawa da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, tun 2010. Kusan mutum ɗaya cikin biyar masu sankarar tumbi ne ke da HER2, kuma irin ta kawu ba kasafai take ɗauke da shi ba. Idan wani sinadarin mai suna Claudin 18.2 aka gani, akwai zolbetuximab, da Japan ta fara amincewa da shi a 2024.

Sai masu tayar da garkuwar jiki, nivolumab da pembrolizumab. Sankara kan ɗaure wa sojojin jiki hannu don kada su taɓa ta, su kuma waɗannan allurai kwance su suke yi. Amurka ta amince da haɗa nivolumab da kemo a 2021. Gwajin wasu alamomi a jikin tsokar, PD-L1 da MSI, ke nuna wanda zai fi amfana. Amma garkuwar da aka saki tana iya juyowa kan hanji ko huhu, don haka gudawa ko tari mai naci ba abin a yi shiru ba ne.

Ba zan yaudari kowa ba: idan cutar ta riga ta bazu, yawanci ƙarin lokaci da sauƙi ake samu, warkewa sai ikon Allah. Kuɗin kuma ya fi ƙarfin albashi, sai dangi sun zauna. Abin da ke min ciwo shi ne a sayar da fili a sayi allura alhali ba a yi gwajin da zai nuna ko za ta yi aiki ba.

Wanda ke ramewa, ko bayan gidansa ya yi baƙi, ko yake amai bayan cin abinci, ya nemi a duba shi da kyamara, a kuma gwada masa H. pylori, ƙwayar da ke haddasa yawancin sankarar tumbi.